Kunyar Bature: Abin da Sunayen Mazaunai Suka Koya Mini a Aikin Jinya

Mun taso muna jin cewa Bature ba shi da kunya, harshensa ma haka. Shi ya sa idan magana ta yi wa ɗan boko nauyi a baki, sai ya tsallaka Turanci ya faɗe ta a can, sannan ya dawo Hausa ya ci gaba da zancensa. Likitoci suna yi, malaman makaranta suna yi, har ma'aurata suna yi a gaban 'ya'yansu. Aikin jinya da na yi, da farko a Kano, daga baya a sashen tsofaffi na wani asibiti a arewacin Ingila, ya nuna mini cewa hukuncin nan ba daidai ba ne. Turanci yana da kunya mai yawa, sai dai mu da muka koye shi a aji ba ma jin ta, domin kalmomin ba su taɓa sa uwarmu ta harare mu ba. Kuma ba inda na ga wannan kunya a fili kamar a sunayen gaɓa ɗaya, wato mazaunai.

Wanda bai yi aiki a ɗakin tsofaffi ba zai yi mamakin yawan ambaton wannan wuri. Tsohon da ba ya iya juyawa da kansa, nauyin jikinsa yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, fata ta mutu, gyambon kwanciya ya buɗe. Inda ya fi fitowa shi ne ƙasan gadon baya daidai saman mazaunai, da kwatangwalo, da diddige. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce babban mutum da ke cikin haɗari a sauya masa kwanciya aƙalla duk awa 6, wanda haɗarinsa ya yi tsanani kuwa duk awa 4. Saboda haka yini ake yi ana jan labule, ana juya mutum, ana duba fata, ana wankewa, ana shafa mai, ana rubutawa. Kowane mataki sai an ambaci wurin: a faɗa wa mara lafiya, a faɗa wa abokiyar aiki, a rubuta a fayil, da yamma kuma a yi wa 'yarsa bayani idan ta zo dubiya. Wuri ɗaya ne, amma a huɗun nan ba kalma ɗaya ake amfani da ita ba.

Kalmar da muka zo da ita daga makaranta ita ce “buttocks”. Tsohuwar kalma ce, tana cikin Turanci tun ƙarni na 13, kuma ita ce ta fayil. A rubuce ba ta da na biyu, domin ana iya cewa na dama ko na hagu, a auna gyambo da santimita, wanda ya karɓi aiki da dare ya san ainihin inda zai duba. Sama da ita akwai “gluteus maximus”, sunan tsokar da ta fi kowace girma a jikin mutum, wannan kuwa ta likitoci ce da masu gashin ƙashi. Amma na lura ba wanda ya daɗe a aikin da yake faɗa wa mara lafiya “buttocks” a fuskarsa. Ba batsa ba ce. Sanyi ne da ita, tana sa mutum ya ji ana karanta shi ne, ba magana ake yi da shi ba.

Kalmar bakin gado ita ce “bottom”. Na koye ta daga wata dattijuwar mai taimaka wa nas, wadda ta girme ni a shekaru da aiki, ko da yake a takarda ni ce gaba da ita. Muna da wata tsohuwa, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda ba ta yarda a buɗe labulenta da safe sai ta taje farin gashinta ta shafa jan baki, hannu na rawa. Idan lokacin juyi ya yi, dattijuwar nan takan durƙusa har fuskarta ta zo daidai da ta tsohuwar, ta kira ta da sunan mijinta yadda suke girmama matar aure, ta ce za mu ɗan karkata ta gefe mu duba “bottom” ɗinta, ko ta amince. Sai tsohuwar ta gyaɗa kai ta kama ƙarfen gado. Tawul kuma yana rufe da duk inda ba a dubawa. Asalin ma'anar kalmar ƙasan abu ne, kamar ƙasan tukunya ko na rijiya, sai a ƙarshen ƙarni na 18 Turawa suka fara sakaya mazaunai da ita. Dabarar da ta haifi “mazaunai” a Hausa ita ce ta haife ta: a bar sunan abu, a ambaci aikinsa ko inda yake. Haka “behind” da “backside” da “rear” suke, dukansu baya suke nufi, kamar yadda mu ma muka ce bayan gida muka huta.

“Bum” ta fi sakin jiki. Ita uwa ke faɗa wa ɗanta, ita abokai ke faɗa, kuma mara lafiyar da kuka saba yana iya jin ta ya yi murmushi. Sai dai ba a fara ta da baƙo. Kalmomin nan kamar kwanukan gida suke, akwai na maigida, akwai na baƙo, akwai robar yara. Tuwon ɗaya ne, amma matar da ta kai wa surukinta abinci a robar yara ta san abin da ta yi.

A gado na ƙarshe kusa da taga akwai wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa. A bayan hannunsa akwai shuɗayen tabo, inda ƙurar kwal ta shiga rauni fata ta rufe a kanta. Shi bai san “bottom” ba. Idan ciwo ya dame shi cewa yake “arse” ɗinsa na ƙuna, da ƙarfi, ɗaki duka na ji. A kunnen Bature wannan kalma ta yi kusa da ashar, ba a faɗin ta a labarai, ba a faɗin ta gaban malami. Amma mutumin nan ba zagi yake yi ba. Sunan da ubansa da kakansa suka kira wurin da shi ke nan, kuma jikinsa ne. Abin da na gani wurin ƙwararrun ma'aikata shi ne ba sa gyara masa, ba sa ɓata fuska, kuma ba sa maimaita kalmar. Shi ya ce tasa, su su amsa da “bottom” ko “backside”, kowa ya fahimci kowa. Wannan ya zauna mini sosai. Mara lafiya yana da ikon kiran jikinsa da sunan da ya ga dama, amma hakan bai zama izini ga mai jinyarsa ba. Wanda yake tsaye da tufafi a kan wanda yake kwance a buɗe, shi ne ya kamata ya fi tauna magana.

Da na bi tarihin kalmar dattijon nan sai na ƙara ganin girmansa. Ita ce mafi tsufa a cikinsu duka, ta haura shekara dubu a Turanci, kuma 'yar'uwarta tana nan a Jamusanci, “Arsch”. A da suna ce kawai. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita a labaransa na Canterbury. Akwai ma wani ɗan tsuntsu mai farin kuturi da ke hayayyafa a Turai ya zo ya ci rani a yankinmu na Sahel, Turawa suna kiran sa “wheatear”. Mai jin sunan a yau zai ɗauka zangarniyar alkama ake nufi, alhali asalinsa fari ne haɗe da waccan kalma. Da tafiyar zamani sunan ya lanƙwashe har ya koma na alkama. Abin da ya faru da kalmar dattijon shi ne abin da ya faru da yawancin kalmomin talakan Ingila. Tun da Normawa masu jin Faransanci suka ci ƙasar a 1066, harshen fada da kotu da ilimi ya karkata ga Faransanci da Latin, kalmar gida ta zama ta ƙasa, ta aro ta zama ta manya. Har yau mai son nuna wayewa yana cewa “posterior” daga Latin, ko “derrière” daga Faransanci, duk da cewa yanzu sun fi fitowa cikin raha. A unguwar da na zauna akwai lunguna masu allon “cul-de-sac”, wato hanyar da ba ta ɓullewa. Kalmar farko a ciki, a Faransanci, ita ce takwarar kalmar dattijon kwal, amma da yake ta aro ce ba wanda ke jin nauyinta. Daidai da ɗan bokonmu da ke gudu Turanci, ko malamin da zai ce “dubura” da “al'aura” a kan mumbari ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba, domin Larabci ya ɗauke nauyin.

A Amurka kalmar dattijon kwal ta zama “ass”, ta yi karo da tsohon sunan jaki, wanda asalinsa daban ne, daga Latin ya zo. Kalmar “donkey” da muka haddace a firamare ba ta bayyana a rubuce ba sai a ƙarshen ƙarni na 18, kuma masana harshe da dama suna ganin gudun wannan kamannin lafazi ne ya taimaka mata ta kori tsohon sunan.

Bambancin Ingila da Amurka shi ne inda baƙo ya fi faɗawa rami. Muna da abokiyar aiki 'yar Filifin, mai haƙuri da iya aiki, wadda Turancinta irin na Amurka ne kamar yawancin mutanen ƙasarsu. Wata rana tana gyara wa wata tsohuwa zama a kujera, cikin tausasa murya ta ce ta ɗan ɗaga “fanny” ɗinta. A Amurka wannan kalma ce mai laushi ta mazaunai, kaka na iya faɗa wa jika. A Ingila kuwa gaban mace take nufi, kuma da sakin baki. Fuskar tsohuwar ta yi ja, ta daina magana, har aka gama ba ta ƙara kallon kowa ba. Ba wanda ya yi niyyar cin mutunci, amma an ci. Shi ya sa 'yar jakar nan da ake ɗaurawa a ƙugu take da suna biyu, “fanny pack” a Amurka, “bum bag” a Ingila. Ita ma “bum” idan ta haye teku ma'anarta takan koma ɗan zaman kashe wando ko mara wurin kwana, Amurkawa kuma su ce “butt”. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Basakkwace zai ce gutsun icce hankalinsa kwance, Bakano ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, alhali shi ma gindin bishiyar da yake faɗa ba ko'ina take da sauƙi ba. Wata kalmar Amurka da ta ba ni sha'awa ita ce “tush”, wadda Yahudawan Turai suka kai can cikin harshen Yidish. Asalinta Ibrananci ne mai ma'anar ƙarƙashi, 'yar'uwar “tahta” ta Larabci da duk ɗan makarantar allo ya sani.

Bayan abubuwa marasa rai da na dabbobi bai da wannan nauyi, amma shi ma kowanne da sunansa. Bayan jirgin ruwa “stern” ne. Bayan mota inda ake zuba kaya Ingila ta ce “boot”, daga nan direbobinmu suka samo but, Amurka ta ce “trunk”. Muƙamin Riya Admiral da muke ji a labaran sojan ruwa ya samo asali ne daga kwamandan jiragen da ke sahun baya idan rundunar ta jeru. Kuturin dabba “rump” ne, ana sayar da namansa da wannan suna a kanti ba kunya, amma idan aka jefi mutane da shi ya zama gori: majalisar Ingila da ta rage bayan sojojin Kanar Thomas Pride sun hana wakilai da yawa shiga a Disambar 1648, wadda ta gurfanar da Sarki Charles na Ɗaya aka kashe shi a Janairun 1649, har yau da sunan kuturi tarihi ya san ta. Wadda ta shafi matanmu kai tsaye ita ce “breech”. Idan aka rubuta ta a takardar hoton ciki, ana nufin jariri ya juyo da mazaunai ko ƙafa maimakon kai, abin da ke faruwa a kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na cikin da ya kai wata tara. Na ga mata a Kano suna yawo da takardar a jaka ba wanda ya fassara musu wannan kalma guda, alhali ita kaɗai ta isa ta hana mace haihuwa a gida.

Duk wannan sakayawa ina ganin kyanta, kuma ba na cikin masu cewa a watsar da kunya don a waye. Kunya ce ke sa a ja labule, ita ke sa a rufa tawul. Amma akwai inda take kashe mutum, kuma na gan shi a ƙasashen biyu.

Tsofaffin Ingila suna cewa “down below”, wato can ƙasa, su yi shiru su bar ka da tunani. Suna cewa “back passage”, hanyar baya, idan dubura suke nufi, har likitoci sun karɓi kalmar suna tambaya da ita. Wani sai ya yi wata da watanni yana ganin jini a bahayarsa bai faɗa wa ko matarsa ba. Namu ya fi wannan wuya, domin kalmar “baya” tana ɗauke da komai tun daga ƙeya har cinya. Ina tuna wani dattijo a Kano, mai sayar da hatsi, ya zo da ɗansa, hula a gefe, yana zama a gefen benci da ɓari ɗaya na jikinsa. Ya je wurare da dama kafin ya zo mana, ko'ina yana cewa bayansa ke ciwo, ko'ina ana ba shi maganin ciwon baya da man shafawa, a unguwa kuma ana haɗa masa jiƙon basir. Zamansa ne ya sa na roƙi ɗan ya ɗan ba mu wuri. Na rage murya na ce, “Baba, ka gafarce ni, ni 'yarka ce, amma aiki ne. Bayan da kake nufi gadon baya ne, ko ƙugu, ko wajen da bahaya ke fita?” Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, “'Yata, na ƙarshen.” Jini ya jima yana zuba, ya rame, wandonsa sai da tazuge biyu. Da likita ya duba, ba basir ba ne, ƙari ne a ƙarshen hanji, kuma ya riga ya yi nisa. Mutumin bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ya faɗi iyakar abin da tarbiyyarsa ta bar shi ya faɗa a gaban ɗansa, sauran aikin na mai tambaya ne. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma dattijo ba zai kwance zani a tsakar kasuwa ba, sai an kewaye masa wuri.

Abin da ya burge ni a Ingila shi ne sun gane matsalar sun kuma yi mata aiki da gangan. Hukumar lafiyarsu ta NHS ta zaɓi rubuta bayananta ga jama'a da kalmomin gida: “bottom” ga mazaunai da dubura, “poo” ga bahaya, “pee” ga fitsari, kalmomin da yaro ɗan shekara biyar ya sani. Wasu masu ilimi sun yi ƙorafi cewa an mai da su yara, amma hujjar hukumar ita ce kowa ya gane, har wanda karatunsa bai yi nisa ba. Ina tare da ita. Masu shekara 50 zuwa 74 ana aika musu da 'yar kwalbar gwaji ta gidan waya duk shekara biyu, su ɗibi bahaya kaɗan su mayar a duba ko da ɓoyayyen jini. Wata mata mai suna Deborah James, tsohuwar mataimakiyar shugaban makaranta, wadda ciwon dajin hanji ya kashe a watan Yunin 2022 tana da shekara 40, ta ƙarar da shekarunta na ƙarshe tana kiran mutane a rediyo da jaridu su riƙa duba bahayarsu su daina jin nauyin faɗa. Ba ta yi hakan da kalmomin Latin ba. Da na yara ta yi, shi ya sa aka ji.

Mu muna da kalmomin. Mazaunai tana da mutunci, ɗuwawu kowa ya san ta, dubura ba ta da harshen damo, bahaya ma haka. Abin da ba mu yi ba shi ne zama mu tsai da wacce za a faɗa wa wa, mu koya wa ɗalibai ita kamar yadda muke koya musu inda ake soka allura. Ana nanata wa ɗalibar jinya cewa allurar ɗuwawu sai a kashi na sama ta waje, don kada a taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa a shanye wa yaro ƙafa, kuma daidai ne a nanata. Amma yadda za ta ce wa sa'ar kakarta ta juya, ko yadda namiji zai tambayi matar wani inda jini ke fitowa, an bar kowa ya laluba da kansa. Da yawa sai su gudu Turanci, su faɗi kalmar da mara lafiya bai sani ba, shi kuma ya gyaɗa kai don kada a ce bai waye ba. Waɗanda ke shirin fita waje kuma suna cin jarrabawar Turanci da maki mai kyau, su isa can ba su san bambancin “bottom” da “bum” da “fanny” ba, domin ba littafin da ya ga ya dace ya koya musu.

Ina roƙon malaman makarantun jinya da na ungozoma da na kiwon lafiyar al'umma su ware darasi guda don wannan, da Hausa da Turanci, a rufe ƙofa a faɗi kalmomin da baki har nauyinsu ya ragu. Kai kuma mai karatu, idan ka ga jini a bahayarka ya kai mako uku, ko yanayin fitar ta ya sauya ya ƙi komawa, ko kana ramewa ba dalili, kada ka tsaya ga jiƙon basir, kuma kada ka ce wa likita bayanka ke ciwo. Ka nemi a fitar da kowa daga ɗakin idan kana so, sannan ka ce masa dubura ce, ya duba ka.